Kurakuran da aka fi yi wajen karanta gwajin kumburi a jinin kare da kyanwa

Idan ƙwayar cuta ta shiga jikin kare ko kyanwa, hanta kan sarrafa wasu sunadarai ta zuba su cikin jini, su ne likitan dabbobi ke aunawa don ya gane ko akwai kumburi a cikin jiki. Gwajin yana da amfani matuƙa, amma ana yawan ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki kyanwa tamkar ƙaramin kare. A kare, CRP, ɗaya daga cikin waɗannan sunadarai, shi ne abin dogaro: yakan fara hawa awa 4 zuwa 6 bayan kumburi ya soma, ya kai ƙololuwa cikin awa 24 zuwa 48, wani lokaci ya ninka sau ɗari ko fiye. A kyanwa kuwa da ƙyar yake motsawa, ko da tana kwance magashiyan. Wanda ya aika jinin mage a auna CRP ya ɓarar da kuɗin mai ita, ƙila ma ya sallame ta da cewa lafiya lau take. Nata gwajin SAA ne, sai AGP, su ma sunadaran kumburi ne, musamman idan cikinta ya tara ruwa ana zargin FIP, wata cutar bairos ta kyanwa. AGP da ya haura giram 1.5 a lita yana ƙarfafa zargin, amma shi kaɗai bai isa hujja ba. A karen ma, kayan gwajin da aka yi don ɗan Adam ba duka ne ke kama CRP ɗinsa daidai ba. Kafin ka kai jini ɗakin gwajin asibitin mutane, ka tambaya ko an tabbatar da ingancin kayan a kan kare.

Sai kuma masu ganin lamba ta hau su zaro antibayotik. CRP ba ya faɗin sunan cuta. Yana hawa a cutar Babesiya da Elikiya da kaska ke kawowa, da fabo mai sa 'yan kwikwiyo amai da gudawar jini, da taruwar mugunya a mahaifar karya. Haka yake hawa bayan tiyata, ko cizon wani kare, ko ciwon daji, har ma a karya mai ciki da ba abin da ke damunta. Babesiya kuwa ba bakteriya ba ce, maganinta daban. Kare mai zazzaɓi, dasashi fari fat, kunnuwa cike da kaska, fitsari kamar ruwan shayi, abin da yake buƙata shi ne a ɗiga jini daga gefen kunnensa a shafa a gilashi, a rina, a duba da madubin likita. Wannan ya fi arha, kuma shi ne zai iya nuna maka ƙwayar cutar zaune cikin jajayen ƙwayoyin jini.

Ƙirgen fararen ƙwayoyin jini ma yana yaudara. Kyanwar da aka kokawa da ita kafin a samu jijiya, tsoro kaɗai ya isa ya ɗaga su na ɗan lokaci. Ɗan kwikwiyo mai fabo kuwa nasa faɗuwa suke yi alhali hanjinsa ya gama kumbura.

Ni a ganina, gwaji ɗaya tak rabin aiki ne. Ƙimar CRP da SAA tana cikin saurin saukarsu: idan magani ya karɓi dabba, cikin 'yan kwanaki za ka ga sun yi ƙasa. Ka auna ranar farko, ka sake bayan kwana biyu ko uku, a ɗakin gwaji ɗaya da na'ura ɗaya. Idan lambar ta ƙi sauka, ko dai maganin bai dace ba, ko akwai abin da ba a gano ba. Ka kuma tambayi mai dabbar abin da ya ba ta a gida, domin da wuya a kawo kare asibiti ba a fara gwada na kemis ba. Deksametazon da danginsa na magungunan rage kumburi suna ɗaga haftogulobin, wani sinadarin kumburin da ake aunawa, a kare ko babu cuta, fashewar jajayen ƙwayoyin jini irin ta Babesiya kuma tana cinye shi. Ka ga lamba ɗaya, ana janta sama ana janta ƙasa.

Ɓangaren da aka fi tafka kuskure, musamman ɗalibai masu aikin binciken kammala karatu, shi ne auna ɓarnar da ɓurɓushin oksijin ke yi wa ƙwayoyin jiki, kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Fararen ƙwayoyin jini ne ke fesa wannan ɓurɓushi don kashe ƙwayar cuta, sai ya shafi jikin kansa. Ana auna MDA, sinadarin da lalacewar kitse ke bari, don ganin yadda kitsen bangon ƙwayoyin ya lalace, a auna SOD da katalas da gulutatayon, sunadaran da ke kare jiki daga wannan ɓurɓushi, don ganin ƙarfin kariyar da ta rage. Matsalar ita ce ɓarnar ba ta tsayawa don an zuƙe jini. Jinin da aka bari a kan tebur cikin zafin bazara, ko aka ajiye a firijin da wuta ke zuwa tana ɗaukewa, ya narke ya sake daskarewa, MDA ɗinsa labarin ajiya yake bayarwa, ba na dabba ba. Haka idan aka ja sirinji da ƙarfi ko aka tura jini cikin kwalba ta siririyar allura, ƙwayoyin sun fashe, ruwan jinin ya yi ja-ja. SOD da katalas a cikin jajayen ƙwayoyin suke cunkushe, don haka duk sun kwararo. Irin wannan samfur a zubar da shi kawai. Gyaran shi ne a ɗebi jini kafin dabba ta ci abinci, a sa a ƙanƙara, a tace ruwan jinin cikin awa ɗaya, a raba shi ƙananan kwalabe, a ajiye a sanyin digiri 80 ƙasa da sifili in da hali. Hanyar auna MDA da ake kira TBARS, wadda aka fi amfani da ita don arharta, tana kama wasu abubuwan da ba MDA ba, saboda haka ba a kwatanta sakamakonta da na wani ɗakin gwaji. Sai dai ka ɗebi jinin lafiyayyun dabbobi masu shekaru kusan ɗaya, ka auna su tare a rana ɗaya.

A nan ma kyanwa ta bambanta. Himogulobin ɗinta, wato sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jajayen ƙwayoyin jini, yana da gurabe 8 masu saurin lalacewa, na kare 4, kuma saifarta ba ta iya tace ƙwayoyin da suka lalace sosai. Shi ya sa ake ganin 'yan dunƙulen Heinz kaɗan, wato himogulobin da ya lalace ya dunƙule, a jinin lafiyayyar kyanwa, abin da a kare zai tada hankali. Idan suka yi yawa, kada a yi saurin ɗora wa ƙwayar cuta. Ciwon suga yana kawo su, haka sauran miya mai albasa da tafarnuwa da ake zuba wa dabbobi. Mafi muni shi ne farasitamol: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Idan ka ga fuska ta kumbura, dasashi ya yi duhu, jinin da ke cikin sirinji ya koma ruwan ƙasa, kada ka tsaya jiran sakamakon SAA. Ka tambayi abin da aka ba ta da lokacin da aka ba ta, ka fara maganin guba nan take.