Kiwon tsutsar baƙin ƙuda don kaji da tarwaɗa

Jama'a, mai son rage kuɗin abincin kaji ya gwada tsutsar baƙin ƙudan nan mai kama da zanzaro, wanda ake kira ƙudan soja. Ba ya cizo, ba ya harbi.

A zuba dusa mai ɗan tsami a baho, a ɗaure guntayen kwali a samanta ba tare da sun taɓa ta ba. Cikin ramukan kwalin macen ke saka ƙwai, ya ƙyanƙyashe cikin kwana 4.

In tsutsar ta kwana 5, a mayar da ita kan bawon kankana, ruɓaɓɓen tumatir, ragowar tuwo ko kashin kaji, a daddatse su ƙanana. Tsutsa 10,000 na cinye kilo 15 cikin kwana 12, amma kashi uku za a raba shi, kar a jibga mata lokaci guda. Kaurin abincin kar ya wuce tsawon yatsa.

Wajen ruwa aka fi yin ɓarna. A damƙi abincin: in ruwa ya tsiyaya, ya yi yawa, zai yi wari tsutsar ta gudu, sai a ƙara busasshiyar dusa. Da hunturu kuwa bushewa yake, a riƙa yayyafa ruwa. A ajiye bahon kan tebur a inuwa, ƙafafun teburin cikin gwangwanin ruwa saboda cinnaka.

A tankaɗe tsutsar da rariya kafin ta yi baƙi, a tsoma a tafasasshen ruwa minti ɗaya, a shanya. Haɗawa ake da abincin kaji, ba ita zalla ba, don maiƙonta da yawa. Abin da ya rage taki ne, amma a bar shi ya huce 'yan makonni kafin a kai gona, ɗanyensa na ƙona shuka.