Babi na Huɗu: Kula da Dokin Haya

Wannan babi na masu aiki ne a bargar da ake ba da hayar dawaki, ko don kilisa, ko biki, ko ɗaukar hoto a wuraren shaƙatawa na Jos lokacin Sallah da Kirsimeti. Mutane da yawa ke hawan dokin haya a wuni guda. Kowa ya biya kuɗinsa, ya hau, ya sauka, ya yi gaba, kai kaɗai ka san abin da ke ƙarƙashin sirdi. Karanta a hankali. In kalma ta yi maka wuya, ɗora yatsa a kanta, ka koma farkon layi. Ba sauri muke yi ba.

Darasi na 1: Duba baya kafin ka ɗora sirdi

Tsaya a hagun doki, kusa da kafaɗarsa. Yi masa magana ya san kana nan. Goge ƙura da busasshen gumi daga bayansa da burushi. Sai ka buɗe tafin hannunka, ka shafa daga ƙarshen geza, ka bi baya sannu a hankali har zuwa ƙugu. Zagaya dama ka sake. Daga nan ka shafa ƙarƙashin ƙirji, bayan ƙafafun gaba, inda majanyi ke ɗaurewa.

Da hannu ake yi, ido kaɗai bai isa ba. Gashi yana ɓoye kumburi. Abin da kake nema shi ne wurin da ya fi sauran jiki zafi, ko ya tasa, ko gashi ya tuje, ko fata ta saɓule. In ka taɓa wani wuri doki ya lanƙwashe baya, ko ya kwantar da kunne, ko ya juyo zai cije ka, kada ka doke shi. Ciwo yake nuna maka.

Idan ka sami miki, yau ba sirdi. Gobe ma ba sirdi, sai fata ta haɗe. Zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, ka wanke wurin safe da yamma, ka kare shi daga ƙuda. Kada ka shafa baƙin mai, kada ka zuba toka ko garin batir. Waɗannan ƙona nama suke yi.

Mu maimaita tare: goge, shafa hagu, shafa dama, shafa wurin majanyi, sannan sirdi. In ka manta yau, ba komai, gobe ka tuna. Kowa da haka ya fara.

Darasi na 2: Sirdi ba ya wuni a baya

A nan aka fi cutar dokin haya. A ɗaura sirdi tun hantsi, doki na tsaye a turke cikin rana ana jiran mai hawa, ba a kwance ba sai magariba. Gumi ya jiƙa shimfiɗar sirdi, yashi ya shiga, ya yi ta gurzar fata kamar yadda matsattsen takalmi ke yi wa dunduniya.

Mai hawa ya sauka, sassauta majanyi nan take. In babu wani a layi, sauke sirdin gaba ɗaya, ka kai doki inuwa, ka shanya shimfiɗar ta bushe. Yanzu me za ka yi? Shafa baya da tafin hannu, hagu da dama, da wurin majanyi. Kafin ka mayar da sirdi, sake shafawa. Ka ga farin gashi tsibi guda a bayan dokin da ba fari ba? Tabon tsohon ciwon sirdi ne, wurin yana son lura ta musamman.

Haba jama'a! Wasunku sun iya karanta darasin nan da ka, amma ranar kasuwa in mutane suka taru sai a ninka tsumma a rufe gyambo, a ɗora sirdi, a ɗora ƙato, wani lokaci har manya biyu. Wai kada a rasa kuɗin hawa. Kuɗin wuni ɗaya ne zai kwantar da doki wata guda, kuma dabbar da ba ta da bakin kai ƙara amana ce a wuyanka. In maigidan barga ya matsa, kama hannunsa cikin ladabi ka ce: "Ranka ya daɗe, taɓa nan ka ji." Shi ma da hannu zai gane.

Darasi na 3: Ruwa da abinci

Doki yana shan lita 25 zuwa 50 a wuni, wato jarka ɗaya zuwa biyu, in zafi ya yi yawa ya fi haka. Lokacin hunturun Jos ma a ba shi, sanyi ba ya kashe ƙishirwa. Don ka gwada, tsunkuli fatar wuyansa ka saki. In ba ta koma nan da nan ba, jikinsa ya rasa ruwa.

Cikin doki ƙarami ne, kuma ba ya iya amai. Ba shi ciyawa da harawa kaɗan-kaɗan sau da yawa, dusa da hatsi daidai gwargwado. Harawar da ta yi fumfuna a zubar. In ya ci hatsi, a jira awa ɗaya kafin sukuwa. Yana cikin ci, kai kuma hannunka na kan bayansa yana shafawa.

Darasi na 4: Kofato

Ƙasar Jos akwai duwatsu. Ɗaga kowace ƙafa safe da yamma ka ƙwaƙule tsakuwa da laka. A yanke kofato duk bayan mako 6 zuwa 8. Doki mai ɗingishi ba ya fita haya. Kwashe kashi kullum, barga ta zama a bushe, musamman da damina.

Darasi na 5: Kiran likita

In doki ya ƙi abinci, yana birgima, yana waiwayar cikinsa, ɗauke abincin ka kira likitan dabbobi nan take. Haka in numfashi ya yi masa wuya ko saman idanunsa ya kumbura. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da Jos, tun 1924. Tambayi likita game da rigakafi da maganin tsutsar ciki.

Aikin gida

Rubuta sunan kowane doki a littafinka. Gaban sunan ka ja gida biyu, na safe da na yamma. Duk lokacin da ka shafa baya, ka sa alama a gidan. Ka zo da littafin aji na gaba.