Yadda ake shirya ranar tunawa da abokan karatu da suka rasu a hatsari

A makarantarmu a nan Jos akwai wata al'ada: 'yan ajin ƙarshe idan sun ajiye biro, sai su yi karo-karo su ɗauki shatar bas zuwa Assop, inda ruwa ke kwararowa daga dutse, su wuni can. A shekararmu bas biyu muka ɗauka. Ta gaba birki ya ƙwace mata a gangaren Hawan Kibo, mutum 4 suka rasu. Ni ina cikin ta baya. Sai da aka shekara 10 muka iya haɗuwa domin tunawa da su, kuma mun tafka kurakurai. Idan kai ne aka ɗora wa irin wannan hidima, ga abin da na koya.

Ka fara da iyaye, ba da zauren WhatsApp ba. Mu sai da muka sa rana, muka kama ɗakin taro, har muka buga riguna da hotunan mamatan, sannan muka je gaida mahaifiyar ɗayansu a Anguwar Rogo. Ta karɓi rigar ta shimfiɗa a cinya, ta daɗe tana shafa wajen fuskar da babban yatsa. Can ta ɗago ta ce, "Ɗana, ina kuka samo wannan hoton? Ni ba ni da shi." Na rasa inda zan sa kaina. Rigunan nan ba wanda ya sa. Hoton muka wanke babba muka kai mata. Saboda haka ka je da ƙafarka, ku biyu ko uku, ka gaisa kamar mai zuwa ta'aziyya, sannan ka ce, "Mama, muna so mu yi wa wane addu'a, yaya kika gani?" Wani gidan za a ce a bar maganar. To ka bar ta, kada ka fama musu miki.

Sai batun addini, wanda ɗan Jos ba sai an ja masa kunne ba. Namu 3 Musulmi ne, ɗaya Kirista ɗan Tudun Wada. Ba mu cakuɗa addu'o'in ba: aka yi saukar Alƙur'ani a masallacin unguwa, ranar Lahadi 'yan'uwanmu Kiristoci suka yi tasu a coci, sannan muka haɗu gaba ɗaya. Za ka tarar da waɗanda malamansu ba su yarda da ware rana duk shekara saboda mamaci ba. Kada ka ja da su. Ka kawo maganar sadaka mai gudana, nan kowa zai sa hannu. Mu kuɗin makarantar ƙannen mamatan muka ɗauka. Asusun kuwa mutum biyu su riƙe, kowane kwabo a faɗi inda ya shiga.

Ƙanina da ke karatu a Amurka ne ya ba ni labarin jami'ar Texas A&M, ya kuwa gyara mana tsari. Su a da al'adarsu tara gungumen itace kamar bene, a cinna masa wuta kafin wasan ƙwallonsu da Jami'ar Texas. Ranar 18 ga Nuwamba 1999, da ƙarfe 2:42 na dare, ana cikin aikin, tarin gungume kusan 5,000 ya rufto. Mutum 12 suka mutu, 27 suka ji rauni. A 2004 aka buɗe wurin tunawa a daidai filin: ƙofofi 12 a kewaye, kowace na fuskantar garin mamaci guda, da duwatsu 27 domin waɗanda suka jikkata. Har yau duk shekara ana taruwa a wurin a daidai wancan lokacin na dare.

Ba gini nake cewa ka yi ba, ina muka ga kuɗin. Abu biyu na ɗauka. Kada ka ce "'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya" ka wuce. Ka kira kowa da sunansa da garinsu, abokinsa ya tashi ya faɗi abu ɗaya a kansa, ko da yadda yake cinye wa mutane gurasa a ɗakin kwana ne. Dariya ba laifi ba ce. Sannan ka tuna da waɗanda suka fita da rai. A taronmu na farko wani da ke dogara sanda tun ranar ya zauna can baya, ba wanda ya ambace shi, ya tafi kafin a raba abinci. Wannan har yanzu yana ci mini rai.

Mafi wuya shi ne faɗin sanadi. A Texas kwamitin bincike ya fito fili a 2000 ya ce an cusa itacen sama cikin na ƙasa fiye da kima, wayar ɗaurin ba ta da ƙarfin riƙewa, kuma ba a sa ido yadda ya kamata ba. Mu kuwa "ƙaddara ce" muka yi ta faɗi. Ƙaddara ce, ba musu, amma bas mai cin mutum 18 mun cusa mata fiye da 20, kuma tun daga Bukuru na ciki ke jin birkin yana kuka. Ka gayyaci 'yan ajin ƙarshe na bana, wanda ya tsira ya faɗa musu wannan da bakinsa, ba tare da nuna kowa da yatsa ba. Ka sanar da iyaye tun da wuri cewa za a taɓo maganar, wanda ba zai iya ji ba ya fita kafin nan.

Kada taron ya wuce awa ɗaya, kada kuma a ba ɗan siyasa lasifika. Lokaci ma ka bar wa tsofaffi su zaɓa. Bana ranar Asabar bayan la'asar muka sa, domin mahaifiyar ɗayan mamatan ta ce sanyin safiya yana taɓa mata gwiwa.