Yadda Ake Shirya Yaro Shiga Jami'a a Saudiyya Tun Daga Aji Ɗaya na Sanawiyya

Iyayen da ke kawo mini yara darasin lissafi bayan la'asar, a nan Makka wajen Shara Mansur, kusan tambaya ɗaya suke zuwa da ita: "Malama, yaron nan 97 ya ci a sanawiyya, ya aka yi bai samu kulliyar da yake so ba?" Makin makaranta shi kaɗai ya daɗe da daina shigar da yaro jami'a a ƙasar nan, ga shi kuma an sauya tsarin sanawiyyar kanta, wato babbar sakandare, a 2021. Wanda bai san sabon tsarin ba sai a aji uku yake farga, a lokacin ƙofofi da yawa sun riga sun rufe. Saboda haka maganata ta fi shafar iyayen da 'ya'yansu ke gama mutawassiɗa, wato ƙaramar sakandare, ko suke aji ɗaya na sanawiyya.

A fara da duba takardar da ke hannun yaro. Mu Hausawan Hijaz ba matsayinmu ɗaya ba. Akwai masu hawiyya, wato katin shaidar ɗan ƙasa, waɗanda kakanninsu suka zo hajji da ƙafa ta Sudan suka zauna. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi. Akwai waɗanda uwarsu 'yar ƙasa ce ubansu baƙo. Ɗan ƙasa da ɗan 'yar ƙasa layi ɗaya suke bi wajen neman gurbi a jami'o'in gwamnati. Mai iƙama kuwa ta minhar cikin gida yake nema, wato tallafin karatu ga baƙi mazauna ƙasar, kujerunta kaɗan ne, kuma a jami'o'i da yawa ba ta haɗa da likitanci ba. A zaunar da yaro a gaya masa gaskiyar matsayinsa tun yana shekara 15. Ɓoye masa don kada ransa ya ɓaci ba taimako ba ne, domin mai iƙama yana bukatar maki sama da na abokan ajinsa, yana kuma bukatar hanya ta biyu a ajiye.

Sabon tsarin sanawiyya shi ake kira masarat, wato hanyoyin karatu, kowace ɗaya masari. Shekarar farko kowa darasi ɗaya yake ɗauka, daga nan sai a rabu gida biyar: masari na gama-gari, na kwamfuta da injiniya, na lafiya da rayuwa, na gudanar da kasuwanci, da na shari'a. Ba kowace makaranta ke da duka biyar ba. Na gama-garin ne ake samu kusan ko'ina, sauran sai a zaɓaɓɓun makarantu, kuma makin aji ɗaya ne ke nuna wa za a ɗauka. Ke uwa, kai uba, ku je makarantar da ƙafarku ku tambayi malamin da ke ba ɗalibai shawara wane masari suke da shi, wanda ba su da shi kuma ina ne mafi kusa. Yarinyar da ke burin aikin jinya ta shiga masarin shari'a don kawai ƙawayenta suna can, ta nesanta kanta da kimiyyar da za a tambaye ta nan gaba. A nawa ganin, yaron da bai tsayar da shawara ba gara ya zauna a na gama-gari, ya fi barin ƙofofi a buɗe.

Yanzu ga lissafin da nake so kowane gida ya iya. Jami'o'i suna haɗa abu uku: makin sanawiyya na shekarun uku gaba ɗaya, jarrabawar ƙudurat ta gwajin basira, da jarrabawar tahsili ta gwajin darussan da aka karanta, waɗannan biyun cibiyar Ƙiyas ce ke shirya su. Kowace jami'a da yadda take rabon, amma wanda aka fi gani a fannin kimiyya shi ne kashi 30 na makaranta, 30 na ƙudurat, 40 na tahsili. A ce yaro ya ci 98 a makaranta, 70 a ƙudurat, 65 a tahsili: jimlarsa 76.4. Wani kuma ya ci 90, da 88, da 85: jimlarsa 87.4. Na biyun bai taɓa zuwa na ɗaya a aji ba, amma shi zai samu gurbi. In na rubuta wa iyaye wannan a allo sai ka ga sun yi shiru, don sun shekara uku suna bin abin da bai wuce kashi 30 ba.

Ƙudurat ba hadda take nema ba. Rabinta harshe ne, rabinta lissafi, kuma ba a shiga da kalkuleta. Nan ne nake ganin raunin yaranmu kusa da kusa. Sai in ba yaro ɗan aji biyu 7 sau 8, in ga hannunsa ya nufi aljihu neman waya. Maganin mai sauƙi ne amma sai da naci: jadawalin ninkawa ya zauna a ka, ya iya juya rabi da kwata da sulusi zuwa kashi cikin ɗari ba tare da biro ba. Ki aike shi baƙala ki ce ya lissafa canjin kafin mai shago ya taɓa na'ura. In an ga ragi na kashi 30 a kan tobi, wato jallabiya, na riyal 90, a tambaye shi nawa ya koma tun kuna tsaye. Tambaya goma kullum da agogo a gefe ta fi zaman awa huɗu ranar Asabar.

Ɓangaren harshe ya fi ba ni tausayi. 'Ya'yanmu Hausa suke yi da kaka, Larabcin Hijaz a titi, amma jarrabawar da fusha, wato Larabcin littafi, take zuwa: dangantakar kalmomi biyu, cike gurbin jimla, gano kalmar da ba ta dace da ma'ana ba, da karanta dogon sakin layi a amsa tambaya. Yaron da ya haddace izu da dama yana da taskar kalmomi, sai dai sau da yawa ba a taɓa tambayarsa ma'anar abin da yake karantawa ba. A ba shi shafin jarida ko littafin tarihi ya karanta a bayyane minti ashirin, sannan ya rufe ya faɗa miki da Hausa me ya fahimta. Ko ba kya karanta Larabci za ki gane in yana kame-kame. Ana fara shiga ƙudurat tun aji biyu, ana kuma iya maimaitawa a ɗauki maki mafi girma, don haka kada a bar gwajin farko sai aji uku. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tahsili a aji uku ake yin ta, daga darussan lissafi, fiziya, ilmin sinadarai da ilmin halittu na dukan shekarun sanawiyya. Kada a zubar da littattafan aji ɗaya da na biyu. Matsalarmu a Makka ita ce mausim, wato lokacin zuwan alhazai da masu umara. A 'yan shekarun nan lokacin shirinta yana faɗawa tsakanin azumi da hajji, daidai sa'ad da samari ke samun aikin otal da tafinta wa alhazai. Na san kuɗin yana rufa wa gida asiri, ban raina shi ba. Amma iyaye, shekarar nan ɗaya a ɗaga wa ɗan aji uku ƙafa, ko ƙannensa da yayyensa za su ɗauki nauyin.

Akwai kuma awa 40 na aikin sa kai da tsarin masarat ya sharɗanta kafin kammalawa. A yi rajistarsu a dandalin gwamnati na aikin sa kai don su shiga lissafi. Yaron da ke jin Hausa da Larabci, nuna wa tsohuwa 'yar Katsina ko Maraɗi hanyar masaukinta aiki ne da ba kowa zai iya ba.

Lokacin neman gurbi, tun 2025 dandali ɗaya ake bi mai suna Ƙabul, inda ɗalibi ke jera zaɓinsa. A jera bisa abin da ake so da gaske, a kuma sa zaɓin da makin yaro zai kai ba tantama. Waɗanda ba 'yan ƙasa ba ta dandalin Idrus fis Su'udiyya suke bi. Kada a tsaya kan Jami'ar Ummul Ƙura kaɗai don tana kusa da gida. Ga Jami'ar Sarki Abdul'aziz a Jidda, ga Ɗaiba da Jami'ar Musulunci a Madina.

Kulliyar tiƙniyya, wato kwalejin fasaha, kuma ba wurin waɗanda suka faɗi ba ne, ina jin zafin yadda muke mata kallon haka. Difloma a lantarki ko gyaran na'urar sanyaya ɗaki, a garin da zafi ke haura digiri 45, sana'a ce da ba ta rasa kasuwa. Ga mai iƙama sana'ar hannu ta ƙara muhimmanci, domin ayyuka irin su harhaɗa magani, akanta da injiniya ana ƙara ware su ga 'yan ƙasa, kuma ɗa namiji in ya kai 25 ba ya ci gaba da zama ƙarƙashin iƙamar uba.

Hanya ta biyu da na ambata, ga yawancinmu, komawa gida ce. Mai nufin jami'a a Najeriya, irin Bayero ta Kano ko Ahmadu Bello ta Zariya, sai ya rubuta JAMB: darussa huɗu a kwamfuta, maki 400, Turanci dole, kuma ba a rajista sai da lambar NIN. Turancin makarantar gwamnati a nan bai isa wannan ba, a nema masa malami tun aji ɗaya. 'Yan Nijar kuma akwai Jami'ar Musulunci ta Say ga masu Larabci, ta Yamai kuwa Faransanci take so.

Kafin yaro ya karɓi shahadarsa ta ƙarshe, wato takardar kammala sanawiyya, a baje fasfo da iƙama da bayanansa na tsarin Nur, inda ma'aikatar ilimi ke ajiye bayanan ɗalibai, a kan tabarma a gwada su harafi da harafi. Sau da yawa za a tarar sunan kaka ya shiga a wata takarda ya fita a wata, ko Usman an rubuta shi iri biyu da boko, ko ranar haihuwa ta hijira ba ta yi daidai da ta miladiyya ba. Gyaran yana da sauƙi muddin yaron yana makarantar. Idan kuma da shahadar za a fita waje, a kai ta a buga mata hatimin hukumar ilimi, da na ma'aikatar harkokin waje, da na ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku a Jidda tun kafin a sayi tikiti.