Yadda Za Ka Sayi Ganyen Shayi Irin Na Mutanen Ingila

Da farko ka tantance abin da kake nema: na kullum ne, ko na alfarma.

Na kullum baƙin ganye ne a ƴan jakunkuna, da madara ake shan sa. Shiga babban kanti kamar Tesco ko Sainsbury's ka nemi Yorkshire Tea, PG Tips ko Tetley. Fara da kwali mai guda 80 tukuna, in ya yi maka sai ka koma ga mai 240.

Idan a Landan kake, ka kula da ruwa. Ruwan famfonsu yana da alli sosai, yakan bar wata yana a saman kofin shayi. Yorkshire Tea na da nau'in da aka haɗa musamman don irin wannan ruwa, shi za ka ɗauka.

Na alfarma kuwa ba a yi masa gaggawa. Je shagon Twinings da ke titin Strand a Landan, wanda yake nan tun 1706, ko Fortnum & Mason a Piccadilly. Nemi zallar ganye, ka shinshina kafin ka biya. Earl Grey ƙamshin lemon bergamot yake yi. Darjeeling na Indiya ba shi da nauyi, a ganina zuba masa madara asara ce. Lapsang Souchong da hayakin itace ake busar da shi, ba kowa yake so ba.

Sayi kaɗan, kamar giram 100, ka zuba a gwangwani mai murfi, nesa da kayan yaji, domin ganyen yana ɗaukar ƙamshin duk abin da ke kusa da shi.