Dogaro da Wayar Hannu Wajen Neman Hanya a Dajin Hunturu

Wanda ya sauka a ƙasar sanyi, ko karatu ya kai shi ko aiki, ba ya daɗewa abokan zama za su gayyace shi yawon ƙafa a daji ko hawan tsauni, domin a ƙasashe irin su Norwe da Kanada da Suwizalan da arewacin Biritaniya mutane ba sa fasa fita don hunturu ya shigo. Sabon zuwa yakan amsa gayyatar yana mai dogaro da wayarsa, tunda ita ta kai shi masauki daga filin jirgi, ita kuma take gaya masa jirgin ƙasan da zai hau kullum. Wannan dogaro yana da hujja, amma yana da sharaɗi. Wayar da ta yi aiki lafiya lau a cikin gari tana iya ɗaukewa a kan tsauni alhali tana nuna saura kashi 30 na caji, kuma galibi hakan na faruwa ne lokacin da hazo ya rufe hanya, saboda a lokacin ne mutum ya fi yawan ciro ta cikin iska yana dubawa.

Waya ba ta buƙatar sabis ko data kafin ta san inda take. Tana sauraron saƙon taurarin ɗan'adam ne kawai, irin na tsarin GPS na Amurka waɗanda ke kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma wayoyin zamani suna haɗawa da Galileo na Tarayyar Turai da GLONASS na Rasha da BeiDou na Sin. Da zarar ta kama saƙon taurari huɗu ko fiye, za ta iya lissafa wurin da kake tsaye, kuskuren kuma bai cika wuce mita biyar ba idan sarari a buɗe yake, ko da yake yana ƙaruwa a cikin kwazazzabo mai zurfi ko a gindin dutse. Abin da ke buƙatar intanet shi ne taswirar da ake ɗora ɗigon da ke nuna inda kake a kanta. Shi ya sa wanda bai sauke taswira tun daga gida ba zai buɗe manhaja a daji ya ga shuɗin ɗigo yana zaune a tsakiyar farin allo, babu rafi, babu tudu, babu hanya. Wayar ta san inda yake, amma sanin bai amfane shi da komai ba.

Saboda haka rabin aikin a ɗaki ake yin sa, daren da za a tafi. A sauke taswirar yankin gaba ɗaya, har da kwaruruwan da ke maƙwabtaka da hanyar da aka zaɓa, domin wanda ya ɓace ba a kan hanyarsa yake ɓacewa ba. Bayan an sauke, a saka wayar a yanayin jirgin sama, a buɗe manhajar a tabbatar taswirar tana fitowa dalla-dalla idan an zuƙo ta. Google Maps ta dace da titi da unguwa, amma a daji ana son taswirar da ke nuna tudu da gangare, irin wadda ake samu a OsmAnd ko Gaia GPS ko CalTopo, ko kuma manhajojin hukumomin taswira na ƙasa kamar OS Maps a Biritaniya da swisstopo a Suwizalan. A ganina na hukumomin ƙasa sun fi cancantar a fara da su, saboda irin taswirarsu ce masu aikin ceto na yankin suka saba da ita. Ya kamata kuma mutum ya zauna ya koyi karanta layukan tsayi, wato siraran layukan nan masu lanƙwasa da ke haɗa wuraren da tsayinsu ɗaya ne. Inda suka yi nesa da juna ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, inda suka matsu kuwa gangare ne mai tsanani, inda kuma suka haɗe suka zama kamar layi guda, to bakin rami ne. A taswira mai ma'aunin 1:25,000, santimita huɗu na daidai da kilomita ɗaya a ƙasa.

Batir shi ne inda sanyi ke kama waya. Batirin litiyom da ke cikin kowace wayar zamani yana ba da wuta ne ta hanyar motsin sinadarai a cikinsa, sanyi kuwa yana rage wannan motsi, ƙarfin wutar sai ya faɗi, wayar ta ɗauka cajin ya ƙare ta kashe kanta. Kamfanin Apple da kansa ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyas, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. A tuna kuma cewa sanyi na ƙaruwa da kusan digiri shida da rabi a duk mita 1,000 da aka hau, don haka idan an bar mota a digiri 2 a gindin tsauni, tun kafin a kai ƙololuwa an shiga yanayin da wayar ba ta saba da shi ba. Abin daɗin shi ne, cajin bai tafi ko'ina ba. Wayar da ta ɗauke saboda sanyi, idan aka cusa ta cikin riga ta taɓa jiki na ɗan lokaci, sau da yawa za ta kunnu da sauran cajinta.

Daga nan ne ƙa'idar ajiya ta fito. Mazaunin waya shi ne aljihun ciki, kusa da ƙirji, a ƙarƙashin rigar sanyi, inda ɗumin jiki ke kaiwa. Aljihun wando na waje da saman jaka duk ɗaya suke da barin ta a fili. Idan za a duba hanya, a juya wa iska baya, a ciro ta, a ga abin da ake son gani, a mayar da ita nan take, sannan a yi shawarar inda za a nufa bayan ta koma ciki. Yana da kyau a ɗaura mata igiya a maƙala a jikin riga, domin wayar da ta suɓuce daga hannu mai sanyi a kan gangare tana iya zamewa ta tafi, wadda ta faɗa cikin dusar ƙanƙara mai laushi kuma sai an yi tono kafin a gan ta. Fawa-bankin da aka ɗauko shi ma batirin litiyom ne, sanyi na cin sa kamar yadda yake cin wayar, saboda haka tare za su zauna a ciki. Akwai kuma kuskure guda da ke yi wa batir lahanin da ba ya gyaruwa, wato jona caji alhali batirin yana ƙasa da digiri 0. A irin wannan hali litiyom yana taruwa a kan sandar batirin maimakon ya shige ciki, ƙarfin batirin ya ragu har abada. A ɗumama waya tukuna, sannan a jona ta, igiyar da fawa-bankin duk suna cikin riga.

Tattalin caji ba shi da wahala. Waya ta fi shan wuta idan tana neman sabis a inda babu, don haka a bar ta a yanayin jirgin sama, tunda GPS na ci gaba da aiki a haka. A rage hasken allo, a rufe manhajojin da ba a buƙata, a rage ɗaukar bidiyo, wanda shi ne ya fi cinye cajin masu zuwan fari, kasancewar komai sabo ne a idonsu. Kada a mayar da waya tocila. Fitilar goshi mai batirinta daban ita ce ta wannan aiki. Idan tafiyar ta mutane da yawa ce, dabara ce mai kyau mutum ɗaya ya riƙa duba hanya, wani kuma ya kashe tasa gaba ɗaya ya adana ta da taswira a ciki.

Sai batun hannu. Allon waya yana jin taɓawar fata ne, ba ya jin safar hannu mai kauri, kuma idan ɗigon ruwa ko dusar ƙanƙara ta narke a kansa sai ya riƙa buɗe abin da ba a taɓa ba. Mutum zai cire safa don ya latsa, cikin minti biyu yatsun sun ƙage, ya kasa ko ja zip ɗin rigarsa. Maganin shi ne siririyar safa mai taɓa allo a ƙarƙashin babbar, ko ɗan alƙalamin taɓa allo da aka ɗaure da zare. Buɗe waya da zanen yatsa ko da fuska shi ma yakan ƙi idan yatsa ya jiƙe ko an rufe fuska da mayafi da tabarau, don haka lambar sirri ta kasance gajeriya wadda za a iya latsawa da hannu mai rawa.

Abin da ya fi yaudarar sabon zuwa, a ganina, shi ne yarda da layin da manhaja ta zana. Wannan layi galibi hanyar bazara ce, ko kuma sawun wani da ya bi wurin a wani yanayi dabam ya ɗora a intanet. Hunturu yana sauya ƙasa. Hanya tana nutsewa, alamomin fenti da ke kan duwatsu suna ɓacewa, rafi yana rufuwa da ɓawon ƙanƙara marar kauri, iska kuma tana tara dusar ƙanƙara a bakin tsauni har ta yi baranda da ke rataye a kan rami, babu komai a ƙarƙashinta. A saman Ben Nevis, tsauni mafi tsayi a Biritaniya mai mita 1,345, irin waɗannan barandu suna fitowa a bakin kwazazzaban gefen arewa, kusa da inda mutane ke bi, kuma idan hazo ya haɗu da farin ƙasa har ido ya kasa raba sama da ƙasa, kuskuren mita biyar ya isa ya kai mutum inda bai nufa ba. Haka nan wayar ba ta san inda dusar ƙanƙara ke shirin zaftarewa ba. Yawancin zaftarewa na aukuwa ne a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, wasu manhajoji kuma suna iya shafa wa irin waɗannan wurare launi. Ƙasashen da abin ya shafa suna fitar da hasashen haɗarin zaftarewa kullum a kan ma'auni na 1 zuwa 5, a shafuka kamar Varsom a Norwe da SLF a Suwizalan da Avalanche Canada, kuma dubawa kafin fita wajibi ne. Wanda ya rataya na'urar gano wanda ƙanƙara ta binne ya nisanta wayarsa da ita da aƙalla santimita 20, idan kuma ana cikin neman wani, da santimita 50, domin waya tana dagula siginarta.

Lokacin da manhaja ke ƙiyastawa shi ma na busasshiyar hanya ne. Tsohuwar ƙa'idar da William Naismith ya kawo a 1892 ta ce a lissafa awa ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara awa ɗaya ga kowane mita 600 na hawa, amma a cikin dusar ƙanƙara mai kaiwa gwiwa tafiyar tana iya ninka haka. Ga shi rana gajeriya ce: a tsaunukan Sikotlan a ƙarshen Disamba tsakanin fitowarta da faɗuwarta bai kai awa bakwai ba, a Tromso da ke arewacin Norwe kuwa ba ta fitowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. A tsayar da lokacin juyawa tun kafin a tashi, a kuma juya idan ya yi, ko an kai ko ba a kai ba.

Duk da wannan tanadi, taswirar takarda a cikin leda da kamfas na hannu ba sa fita daga jaka, kuma riƙe su ba tare da iya aiki da su ba ɗaukar kaya ne kawai. Ƙungiyoyin masu hawan tsauni a waɗannan ƙasashe suna shirya kwasa-kwasan kwana ɗaya ko biyu a kan haka, jami'o'i da yawa kuma suna da kulob ɗin da ke koyar da sababbi. A kula kada a haɗa kamfas da waya a aljihu ɗaya, saboda maganaɗisun da ke cikin lasifikar waya ko a murfin rigarta yana iya karkatar da allurar, har ma ya juya ta ta riƙa nuna kudu a matsayin arewa.

Idan abu ya ɓaci, lambar gaggawa ita ce 112 a ƙasashen Tarayyar Turai, 911 a Amurka da Kanada, 999 ko 112 a Biritaniya, inda ake neman 'yan sanda tukuna sannan a ce ana buƙatar masu ceto na tsauni. A cire yanayin jirgin sama a gwada kira ko da wayar ta nuna babu sabis, domin a yawancin waɗannan ƙasashe kiran gaggawa yana bi ta kowane kamfani da ke da turke a kusa. Saƙon tes yakan fita a inda murya ta ƙi, kuma a Biritaniya ana iya rajistar lamba don aika tes na gaggawa tun daga gida ta hanyar aika kalmar "register" zuwa 999. Wayoyin iPhone 14 da aka fitar a 2022 da waɗanda suka biyo baya suna iya aika saƙon neman agaji ta tauraron ɗan'adam a wasu ƙasashe, masu shiga daji mai nisa kuma sukan riƙe na'ura ta musamman mai aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach. Tambayar farko da za a yi maka ita ce inda kake, don haka ka san wurin da manhajarka ke nuna lambobin wuri, wato lambobin da ke nuna daidai inda kake a taswira, ka kuma gwada karanta su da baki tun kana gida. Kafin fita, ka bar wa wani amintacce hoton hanyar da za ku bi, da yawan mutanen, da wurin da aka ajiye mota, da lokacin da idan bai ji daga gare ka ba zai kira masu ceto. Bayan an yi kiran, a mayar da wayar cikin riga a kunne, a daina taɓa ta, saboda masu ceto za su sake kira ko su turo saƙon da zai nuna musu inda kake.