Yadda ake gyara saitin dish idan bishiya ta tare siginal

Indai hoton talabijin ɗinka lafiya lau yake da rana amma da iska ta taso sai ya fara karyewa yana wannan ƙi-ƙi-ƙi ɗin, ko kuma duk rani kana kallo garau damina na faɗuwa ya fara iskanci ko ba ruwa ake ba, toh kafin ka zagi mai saiti ko ka sayo sabon LNB (ɗan kan nan da ke gaban dish mai karɓar siginal) ɗaga kai ka kalli darbejiyar tsakar gidanku. Tashoshin da muke kamawa da ƙaramin dish a zangon siginal da ake kira Ku band suke zuwa, shi kuma ba ya shiri da ruwa, ganye kuwa ruwa ne cike a cikinsa. Bango ma ya fi sauƙin sha'ani, don shi ba ya girma.

Fara tabbatarwa bishiyar ce. Shiga menu na risiba wajen da ake ganin siginal, layi biyu ne, strength da quality. Na farkon kusan kawai yana gaya maka waya da LNB suna aiki, na biyun shi ne maganar. In strength na tsaye cak amma quality na hawa da sauka daidai lokacin da reshe ke kaɗawa, an kama ɓarawo. In duka biyun sifili ne wannan ba bishiya ba ce, duba waya.

Sai inda mutane suka fi tafka kuskure. Dish ɗin nan namu mai ɗan tsawo kamar ƙwai, wanda hannun LNB ɗinsa ke ƙasa, ba inda fuskarsa ke kallo yake kallo ba. Siginal yana sauko masa ne daga sama da haka da digiri ashirin da wani abu, shi ya sa zaka ga mutum ya sare mangwaron da ke gaban dish, an yi rigima da mai gida, ƙarshe hoto bai gyaru ba saboda ainihin mai laifin reshe ne guda da ya leƙo ta saman kwano. Taurarin ɗan'adam da ke aiko siginal duk suna jere ne a saman layin da ya raba duniya biyu, nisan kilomita 35,786, mu kuma nan Arewa kusa muke da wannan layin, don haka yawancinsu can sama suke kusan tsakar ka. Daga Kano misali, Eutelsat 16A mai digiri 16 gabas (mazauninsa kenan a kan wancan layin) tashinsa daga ƙasa zuwa sama wajen digiri 73 ne, Nilesat mai digiri 7 yamma wajen 67 ta kudu maso yamma, na DStv mai digiri 36 gabas wajen 55. Wanda yake ƙasa-ƙasa shi ne Intelsat 20 mai digiri 68.5 gabas, wajen 21 kacal, shi kam ko katangar maƙwabci tana iya tare shi.

Yanzu lissafi, kuma ba mai wahala ba ne. A digiri 55, duk mita ɗaya da ka matsa gaba layin siginal yana hawa kusan mita ɗaya da rabi, kenan bishiyar da ta fi dish ɗinka tsawo da mita 7 tana buƙatar ka ja baya mita 5. A digiri 73 mita uku da 'yan kai sun ishe ka ko da ta fi shi da mita 10. Amma a digiri 21 wannan bishiyar sai ka ba ta mita 26, ina filin yake a cikin gari? Daga bakin ganye zaka auna fa, ba daga gindi ba, kuma ka ƙara ko mita biyu ne a kai don baɗi ba haka zaka same ta ba. In kana da babbar waya ɗauko manhaja irin DishPointer, ka tsaya daidai inda kake son kafawa ka ɗaga kyamara, zata nuna maka ɗigon tauraron a sama, in ɗigon ya faɗa kan ganye matsa. Ka dai nisanci kwanon rufi da ƙarfe lokacin, suna rikita kamfas ɗin wayar.

Ni a ganina matsar da dish ya fi sara, inuwar da aka yi shekara ashirin ana raino ba a kashe ta saboda ƙwallo. Sau da yawa taku huɗu zuwa ɗaya kusurwar gidan ya wadatar, ko a ɗaga shi kan doguwar sandar ƙarfe mai kauri da aka dasa da siminti, in siririya ce iskar farkon damina zata riƙa kaɗa ta ka koma gidan jiya. Sandar ta tsaya sak, gwada ta da ma'aunin magina. Kashe risiba daga soket kafin ka kwance waya don akwai wuta 'yar kaɗan a ciki, volt 13 ko 18, ba zata ja ka ba amma in bakin ya haɗu tana iya lalata risiba. In wayar ta gaza sayo doguwa guda ɗaya mai kyau, jone-jonen nan da salatif nan ruwa yake shiga.

Wajen saitin kansa, fito da talabijin tsakar gida inda zaka riƙa gani da idonka, ya fi a riƙa ƙwala maka "ya zo! ya tafi!" daga ɗaki. Sassauta notocin kaɗan ba duka ba, fara daidaita sama da ƙasa, sannan ka juya hagu da dama a hankali, ɗan ƙiris ka tsaya ka ƙirga uku saboda risiba tana da jinkiri. Da quality ya leƙo ka bi shi har inda ya ƙure, sai ka murɗa LNB cikin maƙallinsa kaɗan-kaɗan, nan ake samun ƙarin da ke riƙe hoto in hadari ya haɗu. Ɗaure notoci bi da bi idonka na kan allo, don ɗaurewar ma tana jan kwanon.

In ba makawa sai an rage reshe, a rage wanda ke kan layin kawai, wani ya riƙe tsani, a duba wayar wuta tukunna, in kuma ta maƙwabci ce a yi sallama a nemi izini. Lokacin gwaji ma ka lura da irin bishiyar, kuka tsirara take da rani sai damina ta rufe, gawo kuma akasin haka, da damina yake zubar da ganye ya dawo da shi da rani. In ka saita ƙarƙashin gawo a watan Agusta ka ga quality ya cika, jira Disamba tukunna.